Kulungugu: Tunawa Da Wurin Da Aka Nemi Ran Nkuruma

Manufar wannan takarda ita ce duba abin da ya kamata a riƙa tunawa a wurin da aka nemi ran shugaban ƙasa. Misalinmu shi ne Kulungugu, wani ƙauye kusa da Bawku a arewacin Gana.

Ran 1 ga Agusta 1962, Kwame Nkuruma na kan hanyar komawa daga Tenkodogo, inda ya gana da Shugaba Yameogo na ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, sai ya tsaya a ƙauyen don gaisawa da 'yan makaranta. Nan bam ya tashi. Shugaban ya tsira da raunuka, aka yi masa magani a Bawku. Daga baya an kafa abin tunawa a wurin.

To, amma a tawa fahimta, nauyin Kulungugu yana cikin abin da ya biyo baya. An kama ministoci biyu, wato Tawia Adamafio da Ako Adjei, tare da Cofie Crabbe na jam'iyyar CPP. A Disamba 1963 kotu ta wanke su, sai Nkuruma ya tuɓe Alƙalin Alƙalai, Arku Korsah. Aka sake shari'a, aka yanke musu hukuncin kisa, wanda aka sassauta zuwa ɗauri. A 1964 Gana ta koma ƙasa mai jam'iyya ɗaya. Saboda haka duk bayanin da za a yi wa mai ziyara a Kulungugu, ya dace sunan Korsah ya fito a ciki.