Mutanen Ɓoye da Tarihin Gidan Bahaushe a Arewacin Zazzau

A ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan, inda Musulmi da Maguzawa suka daɗe suna maƙwabtaka, in ludayi ya ɓace ko nono ya lalace ba dalili, akan ji tsofaffi na cewa aikin mutanen ɓoye ne. Wannan magana tana da tarihi.

A addinin Hausawa na dā, iskoki iri biyu ne, watau waɗanda suka saba da mutane da kuma na daji. Haka Joseph Greenberg ya bayyana cikin littafinsa na 1946 a kan Maguzawan Kano. Kowace zuriya tana da iskan da ta gada, wanda mai gida kan yanka wa kaza ko akuya mai launin da yake so. In an saba alkawari, sai ɓarna ta shiga gida. Ashe ɓarnar nan tuni ce ga mai bashi.

Da Musulunci ya kafu, musamman bayan da Malam Musa ya ci Zazzau a 1808, sai aka shigar da iskoki cikin sahun aljanu. Yanka ya zama shirka, amma ladabin zaman tare ya saura: a yi bisimilla kafin a zubar da ruwan zafi, a tattara yara da magariba, a guji gindin tsamiya da tsakar rana.

Irin wannan ya auku a tsibirin Aislan, wanda ya karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000. Su ma suna da waɗanda suke kira ɓoyayyun mutane, da wasu samari 13 masu lasar cokali da satar nono da buga ƙofa. A 1746 har doka aka kafa ta hana tsorata yara da su, kana Jón Árnason ya tattara labarunsu a 1862 zuwa 1864.

Hausa kuwa ta adana nata cikin kalmomi. Shan inna na nufin Inna ce ta shanye ƙafar yaro, fassarar da ta sa iyaye da yawa suka nufi gidan boka maimakon asibiti. Lalle ya kamata malaman makarantun horon malamai su tura ɗalibansu ƙauyukan nan su rubuta abin da ke bakin tsofaffi, gama abin da ba a rubuta ba, da mai shi ake binne shi.