Yadda Ogunpa Ta Zama Abin Tsoro a Badun

Dattawanmu na Sabo sun ce lokacin da aka yanka wa Hausawa wannan unguwa a 1916, bayan gari ne. Asalin Badun yana can wajen Mapo da Oja'ba, mu kuwa aka ajiye mu a gindin tudun Mokola, daji ta kowane gefe. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, bayan shekara goma layin ya kai Kano, daga nan fataucin goro da na shanu ya buɗe, kakanninmu suka yi ta zuwa.

A wancan zamani Ogunpa rafi ce kawai. Takan taso daga wajen Ashi, ta bi ta Bodija da Agodi, ta wuce kusa da mu, ta ratsa tsakiyar gari ta nufi Molete. In ta cika da damina tana da fadamar da za ta baje, kuma tuddan da ke kewaye da ita a rufe suke da itatuwa, musamman dajin Agala, inda aka gina hasumiyar Bower a 1936. Ruwan sama in ya sauka a kan ganye da ciyawa, ƙasa kan shanye mafi yawansa, saura ya gangaro a hankali.

To, sai mutane suka yi yawa. Ƙidayar 1952 ta ba Badun mutum wajen 459,000, ta 1963 kuma sama da 600,000. Zuwa 2006, in aka haɗa ƙananan hukumomi 11 na garin da kewayensa, an haura miliyan biyu da rabi. Kowane mutum yana son ɗakin kwana, kowane ɗaki yana son fili. Filin da ya fi araha kuwa shi ne na bakin rafi, don haka nan talaka ya nufa. Aka cike fadama da ƙasa aka yi gini, wasu ma bangonsu a cikin hanyar ruwan yake. Rufin kwano da siminti da kwalta ba sa shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansu lokaci guda yake kwarara cikin rafin. Ga kuma shara. Garin da ba a tanadar masa isassun wuraren zubar da bola ba, rafi ne bolarsa, sai a jira ruwan sama a antaya masa. Ƙarƙashin gada ya toshe, ruwa ya rasa hanya, ya koma gidajen mutane.

An yi ambaliya a 1963, an sake a 1978, amma wadda ba a mantawa ita ce ta 31 ga Agusta 1980, zamanin gwamna Bola Ige. Yarbawa suna kiranta Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Fiye da mutum 100 suka rasu, dubbai suka rasa matsuguni, lambun Agodi ma ruwa ya share shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Abin mamaki, bayan duk wannan sai aka auka wa dajin Agala. A shekarun 1990, lokacin wahalar kananzir, mutane suka shiga da gatari da adda, suka sare shi don itacen girki. A ganinmu ba a zargin mai yunwa don ya nemi abin hura wuta, laifin yana kan masu iko da suka bar miliyoyin mutane ba makamashi. Amma tudun ya zama tsirara, ruwansa kuma kanmu yake gangarowa.

Mu ma muna cikin lissafin. Sabo da ba ta wuce mutum dubu huɗu da 'yan kai ba a farkon shekarun 1960, yau ɗaki ya hau ɗaki, shago ya hau kwata, har jama'armu suka bazu zuwa Ojoo da Shasha da Bodija. Ledar ruwa da ta tsire da muke yarwa a lambatu ba inda take zuwa sai Ogunpa.

Daga baya gwamnati ta faɗaɗa hanyar rafin a cikin gari ta ɗaure gefensa da kankare, kuma hakan ya rage ɓarna a tsakiyar Badun. Sai dai gari ya riga ya wuce nan. Ambaliyar 26 ga Agusta 2011, wadda ita ma ta ci rai sama da 100, ta fi yin ta'adi a unguwannin da suka taso daga baya, irin su Apete da Odo-Ona, a bakin kogin Ona da ke bi ta madatsar Eleyele ta 1942. Bayanta ne Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 a 2014 don aikin magance ambaliya a Badun.