Gobarar Jirgin Grandcamp, 1947

Da safiyar 16 ga Afrilu, 1947, hayaƙi ya fara tashi daga Grandcamp, wani jirgin ruwa na Faransa da ake yi wa lodi a tashar Texas City ta Amurka. A cikinsa akwai takin zamani na amoniyam naitret kimanin tan 2,300. Gudun kada ruwa ya ɓata kaya, kyaftin ya sa aka rufe rumbun jirgin, aka tura tururi ciki don a toshe wa wutar iska. Dabarar tana aiki ga auduga ko katako, amma wannan taki in ya ɗau zafi, shi da kansa ke ciyar da wuta da iskar da take bukata. Rufewar ba ta ƙara kome ba sai zafi da matsi.

Jama'a kuwa suka yi cincirindo a bakin tasha suna kallon hayaƙi ruwan goro, ba wanda ya kore su. Da ƙarfe 9:12 jirgin ya fashe, ya halaka 'yan kwana-kwana 27 na garin. Cikin dare jirgi na biyu, High Flyer, mai ɗauke da irin takin, ya tarwatse. Aƙalla mutum 581 suka rasu.