Tasirin Rage Sitaci Kan Zogi da Rarrabuwar Kitse a Jikin Mata Masu Lifodima

Tun 1940 da likitoci Allen da Hines na asibitin Mayo a Amurka suka fara bayyana lifodima, ake rikita ta da teɓa. Kusan mata kaɗai take kamawa, galibi lokacin balaga, goyon ciki ko ɗaukewar al'ada. Kitse mai zogi ne yake taruwa a ƙugu da cinyoyi da ƙwauri, hagu da dama daidai wa daida, ya tsaya cak a idon sawu kamar bakin wando mai roba, ƙafar kanta kuwa lafiya lau. Ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta a fata. Matsayar wannan maƙala ita ce, sikeli bai isa ya yanke hukunci kan amfanin abinci ga masu wannan lalura ba. Zogi da wurin da kitsen ya ragu su ne abin dubawa.

Hujja mafi ƙarfi daga Norway ta fito. A wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2022, mata 9 sun yi mako 7 suna cin abinci mai ƙarancin sitaci da yawan mai, nauyinsu ya ragu, zogin ma ya lafa. Da suka koma abinci mai sitaci na mako 6, nauyin bai dawo ba, amma zogin ya dawo. Gwajin Lundanes da abokan aikinta na 2024 ya ƙara faɗaɗa batun: mata 70 aka raba gida biyu, kowacce kalori 1,200 a rana har mako 8, rukuni ɗaya giram 75 na sitaci, ɗayan 180. Duka sun rame, sai dai masu ƙarancin sitacin ne zoginsu ya ragu sosai, kuma ba a ga alaƙa tsakanin raguwar zogin da yawan kilon da aka zubar ba. Wanda zai ce ai sauƙin nauyi ne kawai ya hutar da ƙafa, to sai ya bayyana dalilin dawowar zogi a gwajin farko alhali nauyin na nan a ƙasa.

Akwai sukar da ta fi wannan nauyi. Gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru, kuma ba a iya ɓoye wa mace abin da ke cikin kwanonta, don haka tsammanin samun sauƙi kan iya shafar makin da take ba zoginta. Sukar ta yi daidai, shi ya sa kiran wannan tsarin abinci magani wuce gona da iri ne. Amma ba ta wanke sikeli ba. Kilon da aka zubar yana iya zama tsoka ko kitsen ciki, cinya na nan yadda take. Ma'aunin BMI, mai gwada nauyi da tsayi, shi ma yaudara yake yi, domin nauyin ƙafafu kan jefa mai siririn ciki cikin sahun masu teɓa. Saboda haka ƙa'idojin likitocin Jamus na 2024 suka fi son a gwada kewayen ciki da tsayin mutum, kuma kamata ya yi gwaji na gaba ya haɗa wannan da awon tsoka da kaurin kitsen ƙwauri, ya kuma ɗauki shekara guda aƙalla.