Makabartar Ballarat: Abin da Kaburbura Suka Riƙe



Wanda ke son sanin tarihin gari, to, ya fara da makabartarsa, domin a can ne ake gane waɗanda jama'a ta zaɓa ta tuna da su. Misalinmu a yau shi ne tsohuwar makabartar Ballarat, cikin lardin Biktoriya na ƙasar Ostareliya.

A shekarar 1851 aka sami zinariya a wannan wuri, mutane suka yi ta kwarara daga Ingila da Amurka da ƙasar Sin. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa kowane mahaƙi harajin sule 30 a wata, ko ya samu ko bai samu ba, alhali ba shi da ƙuri'a. Da tura ta kai bango, sai mahaƙan suka yi shinge a Eureka, Peter Lalor yana jagorantarsu. Da asubahin 3 ga Disamba, 1854, soja suka auka musu, aka kashe mahaƙa fiye da 20 da soja kaɗan. Mahaƙan da sojan suna kwance a wannan makabarta, kowane ɓangare da dutsen tunawarsa.

Jinin bai zuba a banza ba. A 1855 aka soke harajin, aka musanya shi da takardar fam 1 a shekara, wadda ke ba mai ita ƙuri'a. Shi kansa Lalor, wanda ya rasa hannu a faɗan, daga baya ya zama kakakin majalisa.

Amma fa akwai wani sashe na makabartar da aka keɓe wa Sinawa. A wannan shekara ta 1855 aka ɗora harajin fam 10 kan kowane Basine da ya sauka a gaɓar Biktoriya. Don kauce masa, dubbai suka sauka a Robe, cikin lardin da ke maƙwabtaka, suka taka ɗaruruwan mil a ƙasa. Waɗanda suka ƙi zaluncin haraji a kansu ba su ƙi shi a kan baƙo ba.

Ku da za ku riƙe littattafan haraji gobe, ku tuna: nauyin da aka sauke daga kan mai murya, sau da yawa kan marar murya yake komawa.