Takunkumin Karnukan Ingila

A ƙasar Birtaniya yau in kare ya ciji mutum, abin da likita zai duba shi ne girman raunin, a wanke, a ɗinke, a sallami mai shi. Ba wanda zai kwana da fargabar ko karen mahaukaci ne, gama tun daga shekarar 1902 ba a sake samun mutumin da karen cikin ƙasar ya sa wa ciwon haukan kare ya mutu ba. Amma a zamanin Sarauniya Biktoriya ba haka abin yake ba. Cikin shekarar 1877 kaɗai ciwon nan ya kashe mutum 79 a Ingila da Wales. In an gwada da waɗanda tarin fuka ke kashewa a lokacin, 79 ba wani yawa ba ne, sai dai irin mutuwar ita ce ke firgita jama'a. Mutum yana jin ƙishirwa, a kawo masa ruwa, maƙogwaronsa ya shaƙe ya kasa haɗiya, haka zai yi ta fama har rai ya yi halinsa. In kuwa alamun ciwon sun riga sun bayyana, to, ba sauran magani.

Dabarar mutanen da ita ce kisa. A shekarar 1760, da tsoron mahaukatan karnuka ya cika Landan, hukumar birnin ta yi shela a kashe duk karen da aka gani yana yawo a titi, ta sa ladan sule biyu a kan kowane kare. Zauna-gari-banza suka sami sana'a, suka bi lungu-lungu da kulake, mai lafiya da mahaukaci duk ɗaya ne a wurinsu. Da tsoro ya kwanta aka daina, karnuka suka sake yaɗuwa. Mutane da yawa a zamanin, har da waɗansu likitoci, sun ɗauka zafin rana ne ko ƙishirwa ke haukata kare, saboda haka sai bazara ta yi ake tuna da dokar karnuka, in sanyi ya shigo a manta.

Shari'ar Ingila ta da kuma tana da wani abin mamaki game da cizo. In kare ya ciji mutum, ba a kama ubangijinsa da diyya sai an tabbatar ya san tun can karensa mai cizo ne. Watau cizon farko kusan kyauta ne. A 1865 aka yi doka wadda ta kau da wannan sharaɗi, amma don shanu da tumaki kawai: in kare ya yi wa tunkiya rauni mai shi ya biya, ko ya san halinsa ko bai sani ba. Ta haka tunkiyar manomi ta riga ɗan talakan birni samun kariya, abin da ke nuna ko su wane ne suka fi yawa a Majalisar Dokoki ta wancan lokaci.

Bayan shekara biyu, a 1867, aka sa wa kowane mai kare ya yanki lasin na sule biyar a shekara. A 1878 aka ƙara kuɗin ya zama sule bakwai da sisi, aka ɗauke wa makiyaya da makafi masu karen jagora. Kuɗin nan bai sake motsawa ba har fiye da shekara 100, sa'ad da aka ga abin da ake kashewa wajen tara shi ya fi abin da ake samu, aka soke shi. Cikin 1867 ɗin kuma aka ba shugaban 'yan sandan Landan iko ya yi shela a sa wa karnuka takunkumi, 'yan sanda su kama wanda ba shi da mai shi. Waɗanda aka kama akan kai su gidan karnukan da wata mace mai suna Mary Tealby ta kafa a 1860, wanda aka mayar unguwar Battersea a 1871. Wanda ubangijinsa ya zo ya fanshe shi ya tsira, waɗansu a sayar, sauran a kashe.

Babbar dokar ita ce ta 1871, kuma abu biyu ta ƙunsa. Na farko, kowa yana iya kai ƙara gaban alƙali cewa karen wane mugu ne, ba a kuwa tsare shi yadda ya kamata. In alƙali ya gamsu, sai ya umurci mai karen ya tsare shi, ko kuwa a kashe shi, in ya ƙi a ci shi tarar da za ta iya kai fam guda a kowace rana. Wannan sashe an yi shi da hankali, domin halin karen ake dubawa da sakacin ubangijinsa, har yau kuwa ana aiki da shi a kotunan Ingila. Na biyu, in an sami mahaukacin kare a wani gari, ko wanda ake zato, hukumar garin tana da iko ta kafa wa sauran karnukan garin sharuɗɗan da ta ga dama, har tsawon lokacin da ta ga dama. A nan ne aka yi kuskure, aka kuwa shekara fiye da 20 ana biyan bashinsa da rayukan mutane.

Kafin a gane kuskuren sai an san yadda ciwon yake tafiya. Ƙwayar cutar tana cikin miyau, da cizo take shiga jiki, sa'an nan ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Karen da aka ciza yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana cin abincinsa yana wasa da yara, ba wanda zai ce yana ɗauke da kome. Ran da ciwon ya tashi sai ya canza hali, ya bar gida, ya yi ta gudu mil da yawa yana cizon duk abin da ya tare shi, cikin kwana kamar 10 ya mutu. To, gari ya sa doka, garin da ke maƙwabtaka da shi bai sa ba, mahaukacin kare kuwa bai san iyakar gari ba. A yankunan Lancashire da Yorkshire, inda garuruwan masaƙu suke manne da juna, nan ciwon ya fi zama. Ga shi kuma shugabannin gari zaɓensu ake yi, masu karnuka kuwa suna da ƙuri'a, saboda haka da an yi 'yan makonni ba a ji labarin cizo ba sai a ɗage dokar, alhali karnukan da aka ciza tun farko ciwonsu bai ma tashi ba tukuna.

Haske ya zo daga Faransa. A watan Yuli na 1885 aka kawo wa masanin nan Louis Pasteur wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca. Pasteur ya sa aka yi masa allurai 13 cikin kwana kamar 10, yaron ya rayu. Nan da nan mutanen Ingila da kare ya ciza suka riƙa ƙetare teku zuwa Paris neman allurar. Gwamnati ta naɗa kwamiti ya binciki aikin, sakatarensa wani likitan fiɗa ne mai suna Victor Horsley, a 1887 suka ba da rahoto cewa aikin gaskiya ne. Abin da Horsley ya ɗauko daga binciken ya fi allurar kanta amfani ga ƙasarsa. Tun da yake ciwon ba ya tsirowa da kansa, ba zafi ke kawo shi ba, ba ƙishirwa ba, sai dabba ta ciji dabba, ashe in an hana karnuka cizon juna na tsawon lokacin da ya isa, ciwon zai mutu tare da karen ƙarshe da ke ɗauke da shi. Ya dage a kan a sa takunkumi a yanki gaba ɗaya, a kuma tsare karnukan da ake shigowa da su daga waje.

An gwada maganarsa rabi da rabi. A 1889 an ƙidaya karnuka 312 da suka haukace a Birtaniya. Gwamnatin tsakiya ta karɓi al'amarin, ta sa takunkumi a Landan da kewayenta, daga baya ta ƙara da yankunan arewa inda ciwon ya yi ƙarfi. Kafin 1892 lissafin ya sauko zuwa 38. Da aka ga haka, ga kuma ƙorafin masu karnuka ya yi yawa, sai aka mayar wa hukumomin garuruwa ikonsu, kowa ya yi yadda ya so. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A 1893 aka sami 93, a 1894 aka sami 248, a 1895 kuwa 672, fiye da ninki biyu na inda aka faro.

A cikin 1895 ɗin ne aka ba Walter Long shugabancin Hukumar Aikin Gona. Shi ba likita ba ne, mai gonaki ne daga Wiltshire, mai son doki da farauta, amma ya karanta lissafin nan ya gane abin da yake faɗi. A 1897 ya fitar da dokokinsa. Hukumarsa ce za ta zana yankin da za a sa takunkumi, yanki mai faɗi wanda ya haɗa garuruwa da ƙauyuka, ba ruwanta da iyakar kowace hukumar gari, ita ce kuma za ta ce ga ranar cirewa. Takunkumin ma an faɗi irinsa, na waya mai kama da ɗan keji, wanda kare zai iya numfashi da shan ruwa a cikinsa amma ba zai iya cizo ba. In an sami mahaukacin kare, ma'aikatan hukumar su bi sawunsa, su nemo duk karen da ya haɗu da shi, a kashe ko a killace. Ba mai shigo da kare daga wata ƙasa sai da takardar izini, daga 1901 kuwa sai an tsare shi wata 6 a hannun likitan dabbobi. Takunkumin yana da wani amfani na biyu da ba a cika faɗa ba: ɗan sanda yana hango kare ba takunkumi ya san ko dai ba shi da ubangiji, ko ubangijinsa ya karya doka.

Sai gari ya ɗauka. Akwai ƙungiyar kare haƙƙin karnuka da aka kafa a 1891, ita ta shige gaba, dubban mutane suka sa hannu a takardar neman a tuɓe Long. Waɗansu suka ce takunkumi azaba ce, waɗansu suka ce shi ne ma zai haukata kare, waɗansu kuwa har yanzu ba su yarda akwai ciwon ba, suna cewa tsoro ne kawai ke kashe mutane. Waɗannan duka lissafi ya ƙaryata su. Amma akwai ƙorafi ɗaya mai tushe. Dokar ta ɗauke takunkumi daga garken karnukan da manyan mutane ke farautar yanyawa da su, in suna bakin farauta, Long kansa kuwa ɗan wannan farauta ne. Hujjarsa ita ce karnukan nan a killace suke kwana, akwai masu lura da su dare da rana. Ko da hujjar tana da gaskiya, tsohuwar da aka ci tara saboda ɗan karenta ya leƙa ƙofar gida ba takunkumi, tana ganin karnukan masu ƙasa suna ratsa gonaki baki sake, ba za a ce ba ta da dalilin fushi ba.

Long bai janye ba. A 1897 karnuka 151 suka haukace, a 1898 suka zama 17, a 1899 suka zama 9. 'Yan ragowar da suka ɓuya a kudancin Wales aka bi su, a 1902 aka ga na ƙarshe. An yi wannan aiki ba tare da an yi wa kare ko ɗaya allurar rigakafi ba. Lalle sa'a ta taimaka, gama Birtaniya tsibiri ce, kare ba ya shigowa sai ta jirgi, ciwon kuma bai zauna a cikin namun dajinta ba. Ƙasa irin Nijeriya, mai iyakar tudu da ƙasashe huɗu, ba ta da ƙofar da za ta rufe haka, shi ya sa a irin waɗannan ƙasashe masana suka fi ƙarfafa yi wa karnuka allura, aƙalla 70 cikin kowane 100.

Ƙofar ta taɓa buɗewa sau ɗaya. A 1918, wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, ciwon ya ɓullo a Plymouth, aka ɗora laifin a kan karnukan da sojoji masu komowa gida suke shigowa da su a ɓoye. Aka ɗauko dokokin Long aka sake aiki da su, kafin ƙarshen 1922 an gama da shi. Tsarewar wata 6 ta zauna har shekarar 2000, sa'ad da aka fara barin karnukan waɗansu ƙasashe su shigo in suna da shaidar allura.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin kare mai lafiya ma yana kisa. A 1991, bayan waɗansu karnukan faɗa sun yi wa mutane mummunan rauni, cikinsu har da wata yarinya 'yar shekara 6 a Bradford, Majalisa ta yi doka cikin gaggawa ta haramta iri huɗu na karnuka, mafi shahara shi ne wanda ake kira pit bull. Wannan doka ta saɓa wa ta 1871, gama siffar kare take dubawa, ko ya taɓa cizo ko bai taɓa ba, har ana auna tsayinsa da faɗin kansa a kawo wa alƙali. Da fari in an tabbatar irin haramtattun ne, ba a kuwa yi masa rajista ba, alƙali ba shi da zaɓi sai ya sa a kashe, sai a 1997 aka sassauta. A 2014 aka faɗaɗa dokar ta kama mai karen da ya yi ɓarna ko a cikin gidansa ne, domin masu kai wasiƙu sun daɗe suna kuka. A ƙarshen 2023 aka ƙara wani iri, XL Bully, cikin haramtattu a Ingila da Wales. Wanda ya riga ya mallaki irinsa, aka ba shi takardar izini, sai ya sa an yi masa fiɗiya, ba ya kuwa fita da shi titi sai da igiya a wuya da takunkumi a baki.