Daga Dokin Laka Zuwa Sojan Roba

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Daura ya san dokin kara da dokin laka. Da an sauko daga Hawan Magajiya ko na Sallar Gani, sai ka ga yara sun duƙufa bakin kududdufi suna gina barade, su jera su sahu biyu, a gwabza. To, wannan wasa ba mu kaɗai ke yin sa ba. Turawa ma suna da nasu, har ya zama sana'a mai tarihi.

A 1824 wani hafsan Jamus, Reisswitz, ya gabatar da wasan yaƙi bisa taswira don horar da hafsoshi. A 1893 kamfanin Britains na Ingila ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, suka yi araha. A 1913 marubuci H. G. Wells ya tsara dokokin wasa da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta shigo, kamfanoni irin su Airfix suka riƙa sayar da ita gunduwa-gunduwa, mai saye ya harhaɗa da kansa.

A da, gwani ne ke sassaƙa siffar da hannu, ya yi ta ninki uku na girmanta, sannan wata na'ura ta bi jikinta tana rage ta, tana ƙwaƙule mazubin ƙarfe. In hannu ya kuskure, sai gaɓoɓin su ƙi haɗuwa. Zane da kwamfuta, wanda Ivan Sutherland ya share wa hanya a Amurka a 1963, shi ya sauya wannan. Yanzu akan zana sojan a kwamfuta, a juya shi ta ko'ina, a yanka shi daidai inda riga ta naɗe don mahaɗin ya ɓuya, kana injin ya sassaƙa mazubin bisa awo. Sojan da bai wuce milimita 28 ba sai ka ga zoben sulkensa ɗaya-ɗaya.

Abin lura shi ne, kwamfuta ba ta san tarihi ba, abin da aka auna aka ba ta shi take fitarwa. Tun da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903 yaƙin doki ya ƙare, sulke da lifidi da kwalkwali suka koma kayan hawa, masu ɗinka su kuma suna ta raguwa. In ba mu je fada mun auna su, mun tambayi dattawa sunan kowane ɓangare ba, wata rana wani zai zana baraden Daura da kayan Larabawa, 'ya'yanmu su ɗauka haka kakanninsu suke. Wannan aiki, 'yan uwa ɗalibai, namu ne, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.